Zaman gyaran rubutu na ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa marubuta, barkanmu da war haka.

Zamanmu yana nan Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, a ajin da muka saba haɗuwa a Tudun Wada. Babin farko za mu duba, don a nan mai karatu ke ajiye littafi idan bai kama shi ba.

Kowa ya turo nasa kafin daren Alhamis, kada ya wuce shafi 5. Don Allah a buga shi, ban da hoton rubutun hannu, idanun wasunmu sun fara gajiya. Mai gyara ya nuna layin da yake nufi, "ya yi daɗi" kaɗai ba ta wadatar.

Kuɗin kwafi naira 500 ne. Ƴan Samaru a fito da wuri, kafin Magariba za mu tashi.

Allah ya ƙara basira, amin.