Idan Allah Ba Ya Canzawa, Me Addu'ata Take Yi?

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aikin Ubangiji, yaya Mama da yara? Ba na bari shirinka ya wuce ni, shi ya sa na kawo maka abin da ke hana ni barci. Don Allah a sakaya sunana.

Mu 'yan Kudancin Kaduna ne, muna zaune a Agege da yaranmu. Ina suyar ƙosai da doya a bakin titi. Maigidana a da ɗan acaɓa ne. Da aka hana acaɓa a su Ikeja da Surulere da Apapa a watan Yunin 2022, aka kama babur ɗinsa, har yau ko ƙeyarsa bai sake gani ba. Ya koma dako a kasuwar Mile 12, yana sauke kwandunan tumatir daga manyan motoci. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuma, kuɗin danfo, wato motar haya ta Legas, ya shiga cinye abin da yake samowa. Yanzu ga ciwon baya.

Amma ba talauci ne ya sa na rubuto ba, Baba, wannan mun saba. Mutumin da ke tashinmu da asuba don addu'ar iyali, wanda muryarsa ke fita daban a ƙungiyar mawaƙa, shi ne yau ya daina durƙusawa. Bai ce babu Allah ba, sujadar Lahadi ma yana zuwa. Da na matsa masa, sai ya buɗe Malakai 3:6 inda Ubangiji ya ce shi ba ya canzawa, ya haɗa da Ibraniyawa 13:8 mai cewa Yesu Almasihu ɗaya ne jiya da yau da har abada. Ya ce, "To, wanda ba ya canzawa, me za ki faɗa masa ya canza? Abin da ya shirya ya riga ya shirya." Ba da faɗa ya yi maganar ba. A hankali ya yi ta yana ɗaure igiyar takalmi, kuma wannan sanyin ne ya fi ba ni tsoro.

Na kawo masa Sarki Hezekiya. Annabi Ishaya ya ce masa ya kintsa gidansa, mutuwa zai yi. Ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15. Na kawo Nineba, da Yunusa ya ba su kwana 40, suka tuba, aka fasa hallaka su. Sai ya mayar mini da Littafin Ƙidaya 23:19, cewa Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, ba ɗan adam ba ne da zai tuba. Na yi shiru. Duka a Littafi ɗaya suke, kuma ya fi ni karatu.

Abin da ya ɗaure mini kai, ayoyin da suka zaunar da shi su ne suke riƙe da ni. Farashin wake ya canza, maigidan haya ya canza fuska, abokan acaɓa sun watse. Ni in na tuna akwai wanda jinƙansa sabo ne kowace safiya, kamar yadda Makoki 3 ya faɗa, sai in samu ƙarfin hura wuta.

Ga kuma maƙwabciyata, mutuniyar kirki ce, tana ta jana zuwa wata majami'a. Wai in ɗauki adashena in kai baiko can, wato in "shuka iri", Allah zai juya lamarinmu. Raina bai kwanta ba, don abin ya yi mini kama da ciniki, a taya a sallama. Amma in na ga maigida yana tafiya a sunkuye, sai maganarta ta dawo mini.

Baba, mene ne a wurin Allah ba ya canzawa, halinsa ne ko kowane abu da zai same mu? Kukan Hezekiya ne ya juya hukuncin, ko da ma can haka Allah ya nufa? Yaya zan yi wa maigida magana ba tare da ya ga matarsa na yi masa wa'azi ba? In kai maganar ga dattawan ikkilisiya, ko hakan tonon asirinsa ne? Babban ɗanmu ya fara cewa tunda Baba ba ya addu'a, shi ma a ƙyale shi.

A taimaka a amsa kafin ƙarshen wata, lokacin ne kwasar adashena, kuma lokacin ne kuɗin haya ke cika.

'Yarka cikin Ubangiji,
daga Agege, Legas.