Kwarkwatar auta da kananzir ɗin Goggo

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigida, ya yara, ya mutanen Zangon Kumasi? Mu nan Kano sai godiya, hunturu ne dai ya shigo da ƙarfinsa, kowa leɓe a tsage.

Abin da ya sa na rubuto ba wani babban abu ba ne, auta ce ta kwaso kwarkwata a makaranta. Ranar Asabar ina yi mata tsifa na ga ƙwayayen sun yi fari fat a bayan kunne. Goggo tana kan tabarma tana jan carbi, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "A samo kananzir, a ɗiga fiya-fiya kaɗan, a ɗaure da leda zuwa safe." Kamar mai faɗin kayan miya. Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don ke na tuna.

Kin tuna daren da ta shafa mana kananzir mu biyu, muna aji huɗu? Ta ɗaure mu da tsohon kallabi, muka zauna cin tuwo a gaban aci-balbal, tsakanin kanmu da harshen wutar bai fi taƙi biyu ba. Allah ne kawai ya tsare. Da safe bayan kunnena ya saluɓe, matashin kai ya yi mako yana wari, a aji kuwa ba sai an tambaya ba, hanci ya gaya wa kowa abin da ke kanmu. Fiya-fiyar ma ta fi muni. Ƙanena likita ya ce gubar da ke cikinta ta fata take shiga jiki, balle kan yaro da susa ta riga ta yi wa rauni. Sai amai, da dalalar miyau, da numfashi sama-sama. A zamaninmu in yaro ya kwana da haka ai mayu za a zarga, ba wanda zai waiwayi kwalbar da ke ƙarƙashin gado. Dangin wannan gubar ce a cikin Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019, amma har yau ana ba wa juna shawarar sa shi a ka.

Ni gyaran gashi irin na kakanninmu bai dame ni ba. Su yi doka, su cika ta da man shanu, su shafa shuni irin na marinar Ƙofar Mata, kai ya yi wata ba a tsefe ba. Warin ne dai, da baƙin da yake bari a wuyan riga. Illar da na gani ita ce ta jan kitso, shi ya sa goshin Goggo ya kusa kai tsakiyar kai, tana kuma ɗora laifin a kan haihuwa.

Mu ne 'yan boko muka zo da wuta. Matajin ƙarfen nan da ake turawa cikin garwashi, a fito da shi a goga a tsumma, a ce ki riƙe kunnenki. Yana taɓa man da ke gashin sai ki ji cuuu, ƙauri ya cika tsakar gida. Tabon yana nan a kunnena na hagu, ɗan kunne ne ke rufe shi. Sai kuma aka kawo abin da muke kira shamfu, alhali ba wanki yake yi ba. Soda ce a cikinsa, irin wadda matan unguwa ke haɗa sabulu da ita suna kawar da fuska. Ana shafa miki kai ya fara ci kamar an zuba barkono, mai shafawa tana cewa, "Daure, bai nuna ba." Sai hawaye ya zo a ce ya yi. Washegari gashi ya manne da ƙuraje, mu kuwa muna ta kaɗa shi a gaban madubi.

Ashe abin daga shagon ɗinki ya fito. Wani baƙar fatar Amurka, Garrett Morgan, yana neman ruwan da zai hana allurar keke ƙona yadin ulu, sai ya lura ruwan yana miƙar da gashi. Ya gwada a jikin karen maƙwabcinsa, ya gwada a kansa, a 1913 ya buɗe kamfani. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fatar Amurka, ma ya ba da labarin yadda aka haɗa masa nasa a gida yana saurayi, da soda da ƙwai biyu da dankalin Turawa biyu, ya daure wa ƙunar don gashinsa ya kwanta irin na Bature. Daga baya ya ce nan ya fara wulaƙanta kansa.

Kafin ki ce ina yi wa tsofaffi gori, laifi tudu ne. Babbar 'yata tana shekara biyar na sa mata shamfu saboda kitson Sallah, tana kuka ina cewa daure. Da bakina na faɗa. Har yau gefen goshinta bai cika ba, in tana ɗaura ɗankwali sai na kawar da ido.

Da na yi wa ƙanena ƙorafin yadda ake yi wa maza maganin makero, wanzami ya kankare wurin da askar da ya aske yara goma da ita, a bi da baƙin mai ko ruwan batir, sai ya ce in bari, likitocin Turai sun fi haka. Tun farkon shekarun 1900 a Faransa suka fara haska kan yara masu makero da na'urar hoton ƙashi don gashin ya zube gaba ɗaya a sami damar sa magani. Aka yi wa dubban yara haka a ƙasashe da dama, har zuwa wajen 1959 da aka sami ƙwayar sha. Bayan shekaru wasunsu suka kamu da kansa a wuya da ƙwaƙwalwa. Wasu kuma gubar ɓera ake auna musu su sha don gashin ya zube, a 1930 an yi kuskuren awo a wani gidan marayu a Garanada ta Sifen, yara 14 suka mutu. Masu farar riga ne suka yi, da takardunsu. Tun da na ji haka na rage yi wa Goggo tsiya, ita ko ba komai kananzir ɗin fitilarta ta rage ta kwana a duhu saboda mu.

Auta dai na sayo mata magani a kemis, da mataji mai ƙananan haƙora, na tafasa ruwa na jiƙa hijabanta da zanin gado. Za a maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen da ba su ƙyanƙyashe ba. Goggo ta taɓe baki ta ce maganin da ba ya wari ba ya kisa, tana nan tana jiran in dawo wurinta.

In kin sami mai zuwa, ki aiko min da man kaɗe irin na Tamale da kika kawo bara, na nan duk gauraye ne. Ki gaishe da maigida da yara. Bari in tsaya nan, tun ɗazu nake rubutu da hannu ɗaya ina susa da ɗayan, ina jin dai sai na sa an duba min nawa kan.

Taki har kullum.