Amsa ga ɗana mai niyyar tsayawa takara ba tare da jam'iyya ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka miƙe a gaban jama'a ka ce idan Allah ya dawo mana da zaɓe za ka tsaya wa mazaɓarmu da ƙafarka, ba inuwar jam'iyya, ba buhun kuɗi. Sannan ka juyo ka ce: "Baffa, me zan sa a gaba?" Kafin in buɗe baki wani ya ce asibiti, wani ya ce kwalta har birnin Madani, wani kuma masana'antar man gyaɗa. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, ga amsata a rubuce don kowa ya gani.

Duk abin da suka lissafa muna bukatarsa, amma babu ɗaya da ke hannunka. A nan Sudan rabonmu da zaɓe tun Afrilun 2015, majalisa an rushe ta a 2019, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Madani kanta ta fita daga hannun soja daga Disambar 2023 har Janairun 2025. Duk wanda zai shiga majalisa mai zuwa baitulmali zai tarar ramamme, kuma ɗan takarar da ba shi da jam'iyya ba shi da ministan da zai raɗa wa a kunne. Abin da yake da shi baki ne, da ƙafa, da 'yancin tambaya ba tare da tsoron wani ubangida ba. Don haka ka zaɓi matsalar da naci ke warwarewa. A nan Jazira, yankinmu na noman ban ruwa, matsalar ita ce makara. Ruwa na zuwa, iri na zuwa, taki na zuwa, bashin banki ma na zuwa, sai dai kowanne bayan lokacinsa ya wuce, manomi kuma ya biya kuɗinsa cif kamar ya zo a kan kari.

Fara da ruwa. Tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 tsarin bai sauya ba: babbar tur'a, wato magudanar ban ruwa, ta zuba wa manyan rassa, su zuba wa ƙananan tur'o'i, daga nan masura, wato bututu, ta kai ruwa kwatar da ake kira Abu Ishirin mai shayar da nimra ɗaya, wato jerin gonaki na fadan 90 (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne), sai 'yar ƙaramar kwata Abu Sitta ta shigar da shi hawasha, wato gonar manomi ɗaya. Aikin da aka tsara wa ƙaramar tur'a shi ne ta tara ruwa da dare a sake shi da rana, kowace gona ta sha duk bayan kimanin kwana 14. Ruwan Nilul Azraƙ kuwa daga Yuli zuwa Satumba ja wur yake zuwa da lakar tsaunukan Habasha. Lakar ta kwanta a gindin tur'a, ciyawa ta kama, itacen ƙaya na miskit ya cinye gaɓa, cikin tur'a ya ragu. Na kusa da ƙofa ya sha ya ƙoshi har ya malalar a hanya, na wutsiya yana tsaye yana kallon dawarsa tana naɗe ganye. Ga kuma dokar 2005 da ta ba kowa 'yancin shuka abin da ya ga dama: a nimra ɗaya za ka ga auduga, gyaɗa, albasa da dawa, kowa da ranar ƙishirwarsa, jadawalin bai wa gona ruwa ya watse.

Kada ka tsaya kan cewa "a yashe tur'o'i", kowane ɗan takara zai faɗi haka. Ka ce yaushe, ka ce yaya. Lokacin yasa shi ne daga girbin alkama zuwa ƙarshen Mayu, kafin a shuka gyaɗa a Yuni. Karraka, wato motar yasa, idan ta zo a Agusta ta zo ɓata hanya ne, don ƙasa ta riga ta jiƙe. Sannan akwai kuskuren da ba kowa ke lura da shi ba. Idan ana biyan mai karraka gwargwadon yawan lakar da ya kwaso, sai ya haƙa fiye da zurfin da aka tsara. Tur'a ta yi zurfi, ta yi faɗi, ruwa ya zauna ƙasa da bakin masura, sai ka ga ruwa a gabanka amma ya ƙi hawa gona, har manomi ya hayo injin ya sayi jaz, wato man dizal, don ya ɗaga ruwan da ya kamata ya gangaro masa a kyauta. Lakar kuma idan aka jibge ta a leɓen tur'a, ruwan sama biyu ya isa ya mayar da ita ciki. Abin da za ka nema: injiniyan ban ruwa ya auna zurfi kafin aiki da bayansa, a ja lakar baya daga gaɓa, kuma kada a biya ɗan kwangila sai manoman nimra ta ƙarshe sun sa hannu cewa ruwa ya iso musu. Ka nemi a gyara ƙofofin da aka sace ko suka ci tsatsa, a dawo da gafir mai tsaron kowace ƙofa a kan albashi. Ƙofar da ba mai tsaro ta mai ƙarfi ce.

Sai kuɗin noma, kuma alkama ce za ta nuna maka illar makara ƙarara. Sanyinmu gajere ne. Wanda ya shuka a Nuwamba alkamarsa za ta cika ido kafin zafi ya dawo. Wanda ya jira banki har tsakiyar Disamba, zafin ƙarshen Fabrairu zai same ta tana madara, ƙwayar ta motse, ya auna buhu ya ji ba nauyi. Fadan ɗaya na cin iri kilo 50 zuwa 60, da kusan buhu biyu na yuriya, da ban ruwa wajen sau takwas. Yuriyar da ta iso bayan alkama ta fitar da kai ba ta ƙara komai sai bashi. Saboda haka ka sa ranaku a takardar manufofinka: a sanar da farashin da gwamnati za ta sayi alkama kafin Oktoba ya ƙare, iri da taki su kasance a sito kafin 1 ga Nuwamba, na damina kuma kafin Yuni. Kuma farashin da aka sanar a cika shi. Manoma ba su manta da 2022 ba, shekarar da aka yi musu alkawarin farashi suka girbe suka rasa mai saye.

Ka karanta yarjejeniyar salam da kyau, domin a kanta mutanenmu ke faɗawa rami. Bankin Noma na ba ka kuɗi yau a kan za ka kawo buhu kaza ranar girbi a farashin da aka yanke tun yanzu. Idan darajar fam, kuɗinmu, ta faɗi a tsakani, buhun da ka sayar da arha ya ninka a kasuwa, kai kuma sai ka kai shi. Akwai sharaɗin izalatul gubni, wanda aka sa don a rage wa manomi zalunci idan farashi ya yi nisa, amma da yawa ba su san da shi ba balle su nema. Sannan ana karɓar cek a matsayin jingina. Amfani ya lalace saboda ƙishirwar da ba laifinsa ba, cek ya dawo, mutum ya tsinci kansa a kurkuku har sai ya biya. Ka tsaya a kan abu biyu: gonar da aka tabbatar ƙishirwa ce ta kashe ta a ɗage wa mai ita bashi, kuma a sami kwamitin da zai je ya gani da ido cikin mako guda, tun kafin a kora dabbobi su cinye shaidar.

Yanzu ga inda nake so ka fi daɗewa, don a nan mutanenmu suka fi yawa. Mafi yawan masu duƙawa a gonakin nan ba sunansu ne a littafi ba. Wani yana noma a kan rabi da rabi, wani ya karɓi hawasha dangada, wato haya, na shekara ɗaya. Banki bai san su ba, sai mai hawasha. To sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan kasuwar shel ya ba shi kuɗin ciyawa a Agusta, ya kwashe gyaɗarsa a rabin farashi ranar girbi. Maganin ba ya bukatar biliyoyi. Takarda ce guda tsakanin mai hawasha da mai noma, da shaidu biyu da hatimin hukuma, wadda banki zai yarda da ita don ƙaramin bashi, ko mutum goma su haɗu su tsaya wa juna.

Amma takardar ba ta yiwuwa sai da raƙam watani, wato lambar ɗan ƙasa. Wanda ba shi da lambar ɗan ƙasa ba zai buɗe asusu ba, ba zai karɓi kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ba, ɗansa zai sha wuya wurin zana jarrabawa, kuma ranar zaɓe ƙuri'arsa tana cikin haɗari. Ana neman suna huɗu, da takardar haihuwa ko ta tasnin, wato ƙiyasin shekaru, da shaida daga dangin uba. Tsohuwar da aka haifa a kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadagon gona, wadda ubanta da baffanninta duk sun rasu, ina za ta samo su? Jikokin mutanen da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da na alhazan da suka yada zango a nan tun kafin a haƙa tur'ar farko, har yau wasunsu sai an sa su kawo hujja a kan hujja. Ka nemi ayarin rajista mai yawo ya riƙa sauka ƙauye-ƙauye da kambo-kambo, ya kwana uku a kowane wuri, a karɓi shaidar shehun gari da limami inda dangin uba suka ƙare. Kai kuma tun yanzu ka sa samari su bi gida-gida su rubuta waɗanda ba su da lamba da abin da ya hana kowanne.

Kanabi kuma, wato kambo-kambon nan, ka shiga ka zauna. Ka je da hantsi ka ga yarinya ta tsuguna a bakin Abu Ishirin tana ture kainuwa da bayan ƙwarya tana cika jarka, ƙannenta na wanka kamu goma daga wurin, jaki na sha a gefe. A ruwan nan katantanwar tsargiya take. Yaro ya yi fitsarin jini a ce girma ne, babba cikinsa ya kumbura har ya yi aman jini. Maganin, firazikwantel, sha ɗaya ne gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, ana iya rabawa a makaranta da makarantar allo, sai dai a ba su abinci tukuna don yana juya ciki. Amma idan gobe ya koma ruwan, an yi aikin banza. A shekarun 1980 shirin lafiya na Nilul Azraƙ ya rage tsargiya da maleriya a yankin nan da feshi, da magani, da matatar yashi. Da aka daina, suka dawo. Donki, wato rijiyar burtsatse da tankinta, mai sola ko matatar yashi ga kowane kambo abu ne da ƙungiyoyin agaji kan yarda su yi, matuƙar wurin yana da takardar zama. Kambo da yawa ba su da ita, don a kan ƙasar aikin noma ko gefen tur'a suke. Don haka tsara kanabi da ba su matsayin ƙauye shi ne mabuɗi, kuma magana ce mai zafi da masu hawasha. Ka yi ta a zaune da su, kada ka yi ta a kan lasifika. Idan an gina donki, a kafa masa kwamiti da ɗan kuɗin da za a riƙa biya kan kowace jarka, domin abin da ke kashe shi famfo ne ya ƙone ko a sace faifan sola a rasa kuɗin gyara.

Hanya kuwa, bar maganar kwalta. Ka nemi a ɗaga wuraren da ruwa ke yankewa da tsakuwa, a sa kwalbatoci, yadda mai naƙuda za ta fita a Agusta.

Za a zo maka a ce ka zama ɗan takarar Hausawa. Kada ka karɓa. Mun ga jinin da aka zubar a jihar Nilul Azraƙ a 2022, kuma ba wanda ke son ya sake gani. Wanda ke wutsiyar tur'a, Balarabe ne ko Bafur ko Bahaushe ko Bafulatani, ranar ƙishirwarsu ɗaya, kuma da ƙuri'unsu duka za ka ci.

Ba sai an sa ranar zaɓe za ka fara ba. Sayi babban littafi. Kowace tur'a shafinta: ranar da aka yashe ta, ranar da ruwa ya isa nimra ta ƙarshe, fadan nawa ya ƙone, ranar da taki ya iso. Kowane samad, wato manomin da ke kula da rabon ruwa a nimra, ya ba ka lambar wayarsa, ka kira shi duk mako. Ƙarshen wata ka karanta littafin a kasuwa, ka kai kwafi ofishin ban ruwa da Barakat, hedkwatar aikin noman Jazira, ka karɓi hatimin cewa sun karɓa. Ranar Talata mai zuwa bayan asuba ka same ni a ƙofar tur'armu, ka zo da gora mai tsawon kamu shida da littafin, mu taka har wutsiya muna auna laka.

Wassalam,
Baffanka.