Kowace Ƙasa da Irin Fargabarta

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka kan abubuwan da ke hana jama'a barci a ƙasashe daban-daban. A Amurka, mutum kan ji tsoron kuɗin asibiti kamar yadda yake tsoron ciwon kansa. A Japan, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a suka kai shekara 65, fargabar ita ce ciwon mantuwa da tsufa cikin kaɗaici. Amma abin da ya fi damuna shi ne, ana firgita da annoba irin Ebola ta 2014, alhali cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne kan gaba wajen kisa a duniya. Don Allah ku riƙa ba hawan jini fili a shafukanku.

Nagode,
Mai karatunku