Abba, Kafin Ka Ce Ka Samu Jami'a

Assalamu alaikum Abba,

Ina fatan kuna lafiya, kai da Ummanka da ƙannenka. Jikin Hajiya da sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida, amma ban ga alamar zan bar Kano in dawo New York nan kusa ba. Maganar kuɗin karatunka kuwa ba za ta jira ni ba. Na ga gara in rubuto, don a waya "to Baba, to Baba" kawai kake ce mini, hankalinka yana wani wuri.

Fom ɗin FAFSA, wato na neman tallafin kuɗin karatu daga gwamnatin Amurka, shi ne ƙofar komai. Da shi gwamnatin tarayya take duba abin da za ta ba ka, da shi jihar New York take farawa, haka yawancin jami'o'i. A bisa al'ada ranar 1 ga Oktoba ake buɗe shi, kuma kyauta ne a shafin studentaid.gov. Duk wanda ya ce a kawo dala ɗari ya cike maka, ka gode masa ka wuce. Malamar da ke ba ku shawara a makaranta aikinta ke nan, kuma ba ta karɓar ko sisi. Kada ka dubi wa'adin tarayya ka miƙe ƙafa, wannan yana da nisa. Kowace jami'a tana da nata wa'adin, kuma wasu kuɗaɗen wanda ya riga shi ke samu.

A shafin nan kai za ka buɗe asusunka, Ummanka ta buɗe nata, kowa da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Tunda tare muke cike haraji ni da ita, ɗayanmu ya isa, ita ce kuma a kusa. Ka zauna gefenta ka karanta mata, amma ita za ta danna da hannunta. Akwai wurin da za a nemi amincewarku a ɗauko bayanan haraji kai tsaye daga hukumar haraji ta IRS. Ku amince ku duka biyu. In ɗaya ya ƙi, babu tallafin tarayya, ko da talauci ya kai ina. Tunda a 2026 za ka shiga, harajin 2024 za a duba. Takardun suna cikin baƙar jakata da ke saman wardirop, wadda zif ɗinta ya lalace, ka ja shi a hankali. Sunaye kuma ka rubuta su harafi da harafi yadda suke a katin Social Security, don nawa a can Muhammadu ne, ba Mohammed ba, kuma wannan kaɗai yana iya tsayar da fom.

Ga wata magana da na san za a zuga ka a kanta a bakin masallaci. Filina na hanyar Zariya dukiya ce, kuma idan fom ya tambayi kadarar da ba gidan da muke zaune ciki ba, ka sa shi da kimarsa a dala. Za a ce maka wa zai zo Kano ya bincika? Ba wannan ne abin dubawa ba. Kuna sa hannu ne a kan cewa gaskiya kuka faɗa, ni kuma ba na son karatunka ya fara da ƙarya. Ballantana abin da ake ɗauka daga dukiyar iyaye bai kai kashi 6 cikin 100 ba, sannan da naira ta koma dala filin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kuɗin da ke asusunka na banki kai ɗalibi ne ake wa lissafi mai nauyi, kashi 20. Abin da muke aiko wa gida duk wata kuwa, na Hajiya da na makarantar 'ya'yan Kawunka, fom ba shi da gurbinsa. Wannan ya ci mini rai, amma haka tsarin yake.

Za ka iya sa jami'o'i har 20 a fom ɗaya. Ka sa na CUNY da na SUNY, wato na gwamnati na birnin New York da na jiha, ka kuma sa manyan nan masu zaman kansu da kake mafarki, ban hana ka ba. Kuɗin karatu na shekara a kwalejojin CUNY na shekara huɗu dala 6,930 ne ga ɗan jiha. Tallafin tarayya da ake kira Pell mafi girma dala 7,395 ne a shekarun nan, na jiha kuma da ake kira TAP yana kaiwa 5,665. Ka ga in Allah ya sa ka samu kaso mai kyau daga biyun, kana kwana a ɗakinka kana cin tuwon Ummanka, karatu ya kusa zama kyauta. TAP yana da nasa fom ɗin, za ka ga hanyarsa da zarar ka aika FAFSA, kuma a makarantun cikin jihar kaɗai yake aiki. Su masu zaman kansu da yawansu suna ƙara neman wani fom mai suna CSS Profile, wanda ya fi bin diddigi, amma kyauta ne ga iyalin da abin da suke samu bai wuce dala 100,000 a shekara ba. Kada farashinsu ya tsorata ka tun daga nesa. Harvard ta sanar a 2025 cewa ɗan irin wannan gida ba zai biya komai ba, har ɗaki da abinci. Wahalar tana wajen samun shiga.

Inda nake son ka natsu sosai shi ne ranar da takardun tayi suka fara zuwa, wajen Maris da Afrilu. Za ka ga an rubuta maka jimla mai ƙatuwa a ƙasa, a ce ga tallafinka, zuciyarka ta yi fari. Kafin ka kira ni da murna, ka ɗauki biro ka raba shafin gida uku. Na farko abin da aka ba ka kyauta ba biya: Pell, TAP, da na jami'ar kanta. Na biyu kuɗin aikin da za ka riƙa yi a makaranta, wanda sai ka yi gumi za a ba ka, kaɗan-kaɗan kamar albashi. Na uku bashi. Jami'o'i da yawa suna cuɗa ukun wuri guda, har ka ga kamar an biya maka komai, alhali rabi rance ne. Ka cire na farko kaɗai daga cikakken kuɗin shekara, da ɗaki da abinci da littattafai da kuɗin jirgin ƙasa. Abin da ya rage shi ne ainihin farashin, shi za mu kwatanta tsakanin makarantu. Ka kuma tambaya ko kyautar ta shekara huɗu ce ko ta shekarar farko kawai, da makin da ake so ka riƙe don kada a janye ta.

Ka san matsayina a kan riba. Ɗan aji ɗaya yana iya rantar dala 5,500 daga gwamnati. A ciki har 3,500 na iya zama irin wanda aka rubuta wa Subsidized, wanda ruwa ba ya hawa kanka muddin kana karatu, har wata shida bayan ka gama. Sauran tun ranar da aka fitar da shi yake fara haihuwa, sama da kashi 6 cikin 100 a shekarar karatu ta 2025-26. Na iyaye da ake kira PLUS ya kusa kashi 9 a waccan shekarar, kuma ina gaya maka tun yanzu ba zan sa masa hannu ba. Ba rowa ba ce, akwai ƙannenka biyu a bayanka. Ko Subsidized ɗin ma kada ka danna karɓa sai mun yi magana, mun kuma ji ta bakin Malam. Don an saka rance a takarda ba dole ne ka karɓa ba, kana iya ƙin sa ka riƙe kyautar.

Harajin 2024 zai nuna ina kan titi dare da rana, bana kuwa mota tana ajiye ni ina jinya. Ofishin tallafin kowace jami'a yana da ikon sake lissafi idan hali ya canza, amma sai an rubuta an nema, da shaida. Ina ajiye rasidan asibiti da na magani, zan zo da su. Galibi sai 1 ga Mayu ake son amsarka, don haka kada ka biya kuɗin kama gurbi a ko'ina kafin mu ga duka takardun.

Ka buɗe asusun nan a wannan makon, ka turo mini hoton shafin da ke nuna an karɓi fom ta WhatsApp. In za ka kira, bayan la'asar ɗinku ya fi, lokacin a nan Kano an yi isha'i, Hajiya ta kwanta. Tana gaishe ka, ta ce mai sunan maigidanta ya daina yi mata rowar murya. Ka gai da Ummanka, ka kula da sallah a kan lokaci. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka