Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kula da ruwan asibitinmu a Kumasi

Ranka ya daɗe Manaja,

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan jinya ne da na ɗakin gwaji a asibitin da kamfaninku ya karɓi kwangilar tankunansa da famfunansa, nan wajen Aboabo. Mun fito fili ne domin rahoton da kuke kawo mana kullum magana ɗaya ce: ruwa garau, babu wari. To ido da hanci ba sa gano ƙwayar cuta.

Ruwan madatsun Barekese da Owabi yana barin matata da kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a cikinsa. Da yake ba kullum yake zuwa ba, sai a tara a tanki, a haɗa da na rijiyar burtsatse wanda ba shi da kulorin ko kaɗan. Ku kuma kun ɗora baƙaƙen tankunan roba a kan rufi, babu rumfa, murfin ɗaya ma a fashe. Kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi, kulorin ya tsere. Ƙwayar cutar Legionella, wadda ke rayuwa a cikin ruwa, tana hayayyafa tsakanin digiri 20 da 45, wato kun gina mata ɗaki kun shimfiɗa tabarma. Shaƙar feshin ruwa daga shawa ne ke kai ta huhu, ta zama nimoniya mai tsanani ga tsofaffi, masu ciwon sukari da masu ciwon ƙoda.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne matattun bututu. Da aka cire wuraren wanke hannu a tsohon ɗakin haihuwa, yaranku sun toshe bakin bututun kawai, suka bar shi cike da ruwa a cikin bango. Ruwa ba ya tsami banza. A irin wannan kwantaccen ruwa yauƙi ke manne wa cikin bututu, ya zama mafakar wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas, ta bi ta laɓe a 'yar ragar bakin famfo. A Belfast ta Ireland ta Arewa, a 2012, jarirai sun rasu a ɗakin bakwaini, kuma famfunan ɗakin aka kama da laifi. Irin wannan raga ce a famfon da muke wanke hannu kafin mu taɓa jariri.

Wani jami'inku ya ce ai muna da kwamfutar da ke karanta hoton ƙirji, wai da akwai cuta da ta gano. Tarin fuka aka horar da ita ta nema, maki take bayarwa, ba ta faɗin sunan ƙwayar cuta balle ta nuna tanki. Ana gano Legionella da gwajin fitsari, wanda nau'i ɗaya kawai yake kamawa, ko a shuka majina a ɗakin gwaji don ƙwayar ta tsiro, a jira har kwana 10. Kafin nan likita ya ba da amoxicillin ko ceftriaxone, alhali ba sa taɓa ta, azithromycin ko levofloxacin take ji.

Ga abin da muke nema. A yanke kowane mataccen bututu daga tushensa. A yi wa tankuna rumfa da murfi mai rufuwa, a zubar da ruwan, a goge ciki, a cika da ruwa mai kulorin miligiram 50 a lita, a ja shi zuwa kowane famfo, ya zauna awa ɗaya sannan a ɗauraye. Daga nan a riƙa aunawa a famfo mafi nisa da tanki, ba a gindin tanki ba, kada ya gaza miligiram 0.2 a lita. Tukunyar ruwan zafi ta tsaya a digiri 60, ba a rage ta don tsoron kuɗin wuta ba. Kan shawa a kwance shi a kankare duk wata uku. Famfon da ba a cika buɗewa ba, a sake shi ya zuba sau biyu a mako, a rubuta a littafi.

Muna son sakamakon gwajin ruwa a rubuce, da sunan famfon da aka ɗebo da ranar ɗiba. Idan wata ya cika babu amsa, kwafin wannan wasiƙa zai tafi HeFRA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci a Ghana.

Wassalam,
Ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji, Kumasi