Dokar da ake sanarwa dare ɗaya tana cinye ayyukan yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankali kan abin da ake yawan mantawa da shi in ana muhawarar tattalin arziki, wato gaggawar da gwamnatoci ke yi wajen aiwatar da manufa.

A ɗauki ƙaramar masana'anta. Mai ita ya ci bashin banki ya yi odar kayan sarrafawa daga waje, suna kan teku, sai bayan wata biyu ko uku su iso. Ya riga ya yanke farashi da dillalai. Kwatsam a ninka harajin kwastan, ko a hana shigo da kayan gaba ɗaya. Kwantena ta maƙale a tashar jiragen ruwa, kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum, ruwan bashi kuma ba ya jira. Albashi ne kaɗai abin da zai iya ragewa nan take. Masu aikin yini ake fara sallama, sai a soke aikin dare, daga nan direbobi da masu lodi su zauna. Waɗannan ba sa cikin rajistar kowace ma'aikata, shi ya sa asararsu ba ta fitowa a alƙaluma da wuri.

A daren 8 ga Nuwamba 2016, Firaminista Narendra Modi ya soke takardun rupee 500 da 1,000, kusan kashi 86 cikin 100 na tsabar kuɗin da ke yawo a Indiya, wa'adin kuwa sa'o'i kaɗan. Lebura da manomi, masu mu'amala hannu da hannu, su suka sha wuya. Fiye da kashi 99 na kuɗin ya koma bankuna, haramtacciyar dukiyar da aka yi niyyar kamawa ta sulale.

Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani a Afrilun 2021, manoma ba su da madadinsa. Amfanin shinkafa da ganyen shayi ya faɗi, aka janye dokar a Nuwamba bayan an yi asarar noma.

Roƙona ga 'yan majalisa shi ne kada su bari a taɓa haraji ko shigo da kaya sai an bayar da wa'adin aƙalla wata shida, an keɓe kayan da suka riga suka taso, an kuma wallafa ƙiyasin ayyukan da za a rasa. Ku ma 'yan jarida ku riƙa neman wannan ƙiyasin daga bakin minista tun ranar sanarwa.

Na gode,
Mai karanta jaridarku